Babi na Uku: Tarihin Sauyawar Amfanin Daji da Gona da Ruwa a Yankin Ɗantutture, 1853 zuwa 2023

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda amfanin da jama'a ke samu daga daji da gona da ruwa ya riƙa sauyawa a yankin Ɗantutture da sauran ƙauyukan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, a tsakiyar Jihar Katsina. An ɗauki tsawon shekara 170, wato daga 1853, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa ta Kurfi, zuwa 2023. An kasa wannan lokaci zuwa zango huɗu, kuma a kowane zango za a yi tambaya uku: me mutane ke samu daga ƙasarsu, wa ke da ikon ɗiba, kuma me aka sadaukar kafin a same shi?

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, amfanin muhalli a wannan yanki bai gushe gaba ɗaya ba kamar yadda akan ji ana faɗa a bakin kasuwa. Wani ya ƙaru, wani ya ragu. Wanda ya ƙaru shi ne wanda ake aunawa da buhu a sayar, wanda kuwa ya ragu shi ne wanda talaka ke samu kyauta, kuma shi ne yake riƙe shi a shekarar da damina ta ƙi.

3.1 Ma'anar Amfanin Muhalli

Idan aka ce muhalli a wannan nazari, ana nufin ƙasa da ruwa da itatuwa da ciyayi da dabbobi, tare da irin cuɗanyar da ke tsakaninsu. Amfanin muhalli kuwa shi ne duk wani alheri da ɗan Adam ke samu daga wannan cuɗanya, ko ya biya ko bai biya ba. Babban binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyi, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2005, ya kasa irin wannan amfani gida huɗu. Akwai abin da ake ɗiba kai tsaye, kamar abinci da ruwa da itace da magani. Akwai aikin kariya, kamar yadda itatuwa ke tare iska da kwararar ruwa. Akwai amfanin da ya shafi al'ada da sanin kai, kamar farauta da wasannin kaka. Sannan akwai aikin da ke tallafe da sauran duka, kamar yadda ƙasa ke mayar da ƙarfinta bayan an noma ta. Binciken ya duba nau'i 24 na irin wannan amfani a duniya, ya tarar 15 daga ciki suna lalacewa, alhali noman abinci da kiwo suna ƙaruwa.

Matsalar mai nazarin tarihi ita ce, takardun hukuma ba su cika rubuta komai ba sai abin da aka karɓi haraji a kansa. Saboda haka za a sami lissafin gyaɗa da auduga da shanu, amma ba za a sami lissafin kalwar da mata suka tara ko tafasar da aka ci a lokacin yunwa ba. Don cike wannan giɓi an haɗa abin da masana suka rubuta kan ƙasar Katsina da abin da dattawa ke tunawa, da kuma shaidar da ƙasar kanta ke bayarwa, irin su sunayen wurare da shekarun itatuwan da ke tsaye a gonaki.

3.2 Yanayin Ƙasar

Yankin yana cikin sashen ƙasar Hausa mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Damina takan kankama a watan Yuni ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, sauran watannin kuwa rani ne. Mafi yawan ƙasar jigawa ce da ta dace da gero da dawa da wake da gyaɗa, sai fadamu a bakin rafuka inda ƙasa ke riƙe danshi. Akwai duwatsu da fanni a warwatse, musamman a kewayen Dutsin-Ma da Kurfi. Babban gulbin yankin shi ne Karaɗuwa, wanda ruwansa ke gangarawa yamma ya shiga Bunsuru, daga nan ya faɗa gulbin Rima. Ta yamma kuma, a ƙasar Safana da Batsari da Ɗanmusa, akwai Dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Zamfara.

Sunayen wurare ma shaida ne. Labarin baka ya nuna cewa Dutsin-Ma ta samo sunanta daga wani maharbi mai suna Ma da ya zauna a kan dutsen garin. Ko da ba a iya sa wa labarin shekara ba, yana nuna cewa a tunanin mutanen wurin, namun daji ne suka fara jawo mazauni kafin gona.

3.3 Zango na Farko: Ganuwa da Daji, 1853 zuwa 1903

Bayan jihadin farkon ƙarni na 19, sarakunan Katsina na dā da aka kora sun kafa sabuwar hedikwata a Maraɗi, kuma daga can suka riƙa kawo hari ƙasar Katsina har kusan ƙarshen ƙarnin. Yusufu Bala Usman ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa kan tarihin Katsina wanda ya fito a 1981. Abin da ya shafe mu a nan shi ne tasirin yaƙin a kan zaman mutane. Tsoron hari ya sa jama'a suka dunƙule a garuruwa masu ganuwa, galibi a jikin duwatsu, suna noma abin da ke kusa da gari. A watan Maris na 1853 Barth ya taso daga Katsina zuwa Sakkwato, ya biyo ta Kuraye da Kurfi da Zakka saboda miƙaƙƙiyar hanya ba ta da aminci. Ya lura da ƙarfin kariyar da aka yi wa Kurfi, ya kuma ba da labarin yadda ayarinsu ya ratsa dajin da ke gaban Zakka cikin sauri da fargaba.

A wannan zango ƙasa ta kasu kamar zobe uku. Na farko shi ne gonakin da ke jikin gari, waɗanda ake zuba wa taki ana nomawa kowace shekara. Na biyu shi ne gonakin daji, inda ake sassabe a noma shekara kaɗan, in ƙasa ta gaji a bar ta saura ta huta. Na uku shi ne dajin da ba mai shi, inda maharba da makiyaya da masu neman zuma da saiwoyi ke shiga.

Manomi ba ya sare kowane itace idan yana sassabe. Yakan bar ɗorawa don kalwa da gari da makuba, da kaɗanya don man kaɗe, da kuka don miya da igiya, da tsamiya don kunu, da kanya da ɗinya don 'ya'yansu. Yakan bar gawo, domin shi yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma dabbobi su taru a gindinsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki. Sana'o'in gari su ma da daji suka dogara. Maƙeri na neman gawayin ƙirya, majemi na neman bagaruwa, marini na neman baba, masassaƙi na neman itacen turmi da taɓarya da ƙotar fartanya. Gamba da shuci su ne zana da jinka.

Akwai kuma yarjejeniyar da ke tsakanin manomi da makiyayi. Bayan girbi Bafillace ya shigo da shanunsa su ci kara da harawar da ta rage, su kwana a gonar su bar taki, mai gona kuma ya ba shi hatsi. Ta wannan hanya ciyawar da ta tsiro a daji ke komawa ƙarfin ƙasa a gona. Sai dai bai kamata a ɗauki wannan zamani a matsayin na jin daɗi ba. Dajin da ke ba da nama da zuma shi ne maɓoyar mahara da masu kamun bayi, kuma annobar bushiya ta wajejen 1890 ta kashe mafi yawan shanun ƙasar Hausa. Yalwar daji a lokacin ta samo asali ne daga ƙarancin mutane da rashin tsaro.

3.4 Zango na Biyu: Haraji da Gyaɗa da Gandun Daji, 1903 zuwa 1960

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903, kuma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya rasu a 1944, aka tsara ƙasar zuwa gundumomi, kowane hakimi ya zauna a ƙasarsa. Dutsin-Ma ta zama mazaunin Yandakan Katsina, Kurfi kuma mazaunin Maraɗin Katsina. Da hare-hare suka tsaya, sai mutane suka fito daga ganuwa suka bazu, suna kafa ƙauyuka da unguwanni a wuraren da a dā ba a iya kwana. Wannan shi ne babban sauyi na farko: zobe na uku ya fara komawa na biyu, na biyu kuma ya fara komawa na farko.

Abu na biyu shi ne harajin kuɗi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sannan layin da ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya ƙarfafa noman auduga a kudancin Katsina. Tun da haraji da kuɗi ake biyansa, dole magidanci ya ware wani sashe na gonarsa ga abin da kanti ke saye. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ya kuma wallafa shi a 1983, ya nuna cewa wannan tsari ya raunana tsofaffin dabarun jure yunwa, irin su ajiyar hatsi a rumbu da taimakon da talaka ke samu daga masu hali. An ga haka a yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba, da ta wajejen 1942 da ake kira 'Yar Gusau. A irin waɗannan shekaru daji ne ya zama rumbun talaka. An ci tafasa da yaɗiya da gasaya, an jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don a cire ɗacinsu, an dama garin ɗorawa da na kuka an sha. Babu takardar haraji da ta lissafa wannan, amma shi ne ya raba mutane da yawa da mutuwa.

Abu na uku shi ne shigowar doka cikin daji. Dokar gandun daji ta 1916, da wadda ta maye gurbinta a 1937, sun ba hukuma ikon killace daji da hana saran wasu itatuwa sai da izini. En'e ta naɗa malaman daji da 'yan gadi. Dokar ta taimaka wajen kare manyan dazuzzuka, amma ta zo da wata illa da ba a lura da ita ba a lokacin. Manomi ya fara ganin itace a matsayin kayan hukuma, wanda zai iya jawo masa tara ko da a gonarsa yake. Wanda ke tsoron malamin daji ba zai yi ɗokin rainon sabon tsiro ba.

3.5 Zango na Uku: Fari da Takin Zamani da Madatsar Zobe, 1960 zuwa 1990

Bayan samun 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu a 1965. Tun a cikin shekarun 1960 aka mayar da dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda ke jikin Rugu, wurin kiwo na gwaji tare da taimakon Amurka, aka gina ƙananan madatsun ruwa don shayar da dabbobi. Wannan daji shi ne mafakar damina ga shanun yankin Dutsin-Ma da Kurfi, domin da zarar an yi shuka sai a kora su can ta burtali, su dawo bayan girbi.

Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa a 1967, wanda ya fito a littafi a 1972, ya ba mu hoton ƙauyen ƙasar Katsina a jajibirin fari. Ta nuna muhimmancin gonakin karkara da ake takinsu kowace shekara, da yadda sayar da gona ya zama ruwan dare, da kuma yadda magidanta marasa ƙarfi ke cike giɓin abincinsu da ƙwadago da ƙananan sana'o'i irin su sayar da itace. Batagarawa tana arewa da Kurfi, kuma ta fi kusa da birni, amma abin da ta gani can shi ne ya iso ƙauyukan kudu daga baya.

Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi da itatuwa masu yawa. A 1975 cutar da ɗarɓa ke yaɗawa ta halaka gyaɗar Arewa, abin da ya kawo ƙarshen zamanin dalar gyaɗa. A 1983 bushiya ta sake ɓarkewa cikin shanu, sannan farin 1983 zuwa 1984 ya biyo baya. Amsar da gwamnati ta bayar ita ce takin zamani da madatsun ruwa. An buɗe aikin raya karkara na Funtuwa da rancen Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, aka ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka riƙa sayar da taki da rangwame mai yawa. Garmar shanu ta yaɗu, masara ta shigo gonakin da a dā dawa da gero kawai suka sani.

Amfanin gona ya ƙaru, wannan babu musu. Amma takin buhu ya rage wa manomi buƙatar barin saura, ya kuma rage masa buƙatar shanun Bafillace. Mai garma kuma ba ya son kututture da saiwa a gonarsa, don haka yakan tumɓuke sabara da kalgo da ƙananan tsiron ɗorawa da gawo. Karan dawa da harawa, waɗanda a dā ake barin su a gona, suka zama kayan sayarwa da ake ɗaurewa a ɗora a kan itace ko rufin ɗaki. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna da ƙananan hukumomi, abin da ya sauƙaƙa yanka filayen da al'ada ta bar wa kowa. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 23 ga Satumba, 1987. Talakawa sun yi murna da wannan, kuma da hujjarsu. Sai dai jangali, duk da zaluncin da ake yi wajen karɓarsa, shi ne ya sa hakimi ya san yawan shanun ƙasarsa da arɗon da ke kula da su, ya kuma damu da kare burtali da mashaya.

Babban aikin da aka yi a yankin shi ne madatsar Zobe a kan gulbin Karaɗuwa, wadda aka kammala a 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon bangonta mita 2,750 ne, tsayinsa mita 19, kuma tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 170. An tsara ta ne don ba birnin Katsina da garuruwan hanya ruwan sha, da kuma shayar da kimanin hekta 8,000 na noman rani. Tafkin ya cinye gonaki da fadamun da ke kwarin, ya kuma rage ambaliyar da ke sabunta ƙasar fadamun da ke ƙasa da shi. A madadin haka ya kawo kifi irin su tarwaɗa da karfasa duk shekara, ya jawo masunta, ya buɗe noman rani a wurare kamar Makera da Garhi. Ruwan da ke kwance kuma ya zo da sauro da cutar tsargiya ga masu shiga cikinsa. Amma babban abin da aka gina ta dominsa ya daɗe bai samu ba, domin sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na Zobe, shekara 38 bayan gama madatsar. Masu iya magana kan ce rijiya ta bayar, guga ya hana.

3.6 Zango na Huɗu: Cunkoso da Rufewar Daji, 1990 zuwa 2023

Ƙidayar 1991 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 3.7, ta 2006 kuma ta ba ta miliyan 5.8. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma tana da kimanin mutum 170,000, Kurfi kuma kimanin 117,000. Kowane rabon gado yana ƙara tsinka gona, har barin saura ya zama abin da sai dattijo ke ba da labarinsa. A daidai lokacin da ƙasa ta saba da takin zamani ne kuma farashinsa ya tashi, bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da janye rangwame a 1997. Manomin da bai iya saye ba ya koma ga ƙasar da ba ta huta ba, ba ta kuma sami kashin shanu ba. Yawaitar ƙuduji a gonakin dawa da gero alama ce ta irin wannan gajiya.

A gefe guda, shirin Fadama na farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse, waɗanda suka maye gurbin jigo. Tumatir da albasa da tattasai da alkama suka zama hanyar samun kuɗi da rani, suka rage wa matasa tafiya cin rani. Amma fadamar da aka killace da lambu ita ce wadda shanu ke samun ɗanyar ciyawa da ruwa a cikinta da bazara. Ribar mai lambu ta zama asarar makiyayi, kuma ba a yi wani tsari na rama masa ba.

Garin Dutsin-Ma shi ma ya bunƙasa, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Gari kuwa yana cin itace da gawayi da yashi da fili. Marke da ƙirya, waɗanda suka fi ba da wuta mai kyau, su ne suka fara yin wuya. Itacen da ya yawaita a madadinsu shi ne bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, baƙo daga Indiya da Turawa suka shigo da shi. Yana ba da inuwa da itacen girki da azara, amma ba ya ba da daddawa ko man kaɗe. Wanda ya dubi gonakin yankin zai ga yawancin ɗorawa da kaɗanya da kuka tsofaffi ne, da wuya a ga matasa a tsakaninsu. Wannan yana nufin amfanin da ake ci yau shuka ce ta kakanni, wadda ba a maye gurbinta ba.

Mafi munin sauyi shi ne na tsaro. Tun daga farkon shekarun 2010 satar shanu ta tsananta a kewayen Rugu, ta rikiɗe ta zama hare-haren 'yan bindiga da garkuwa da mutane. A ranar 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji. A ƙarshen Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu kan dokar da ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da ta Dutsin-Ma. A watan Satumba aka katse layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Dalilan rikicin suna da yawa, kuma ba daidai ba ne a jingina shi ga ƙarancin makiyaya kaɗai, domin akwai rashin adalci a shari'a da yaɗuwar makamai da kuɗin fansa. Amma sakamakonsa a kan abin da muke nazari a fili yake: a waɗannan shekaru manomi ya bar gonarsa ta nesa, mace ta daina zuwa tsintar kaɗanya, makiyayi mai gaskiya ya rasa dabbobinsa ko ya yi ƙaura. Dajin ya koma yadda Barth ya same shi a 1853, sai dai yanzu mutanen da ke buƙatarsa sun ninka sau da yawa. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar sufuri da makamashi, abin da ya ƙara matsa wa itatuwan da ke kusa da gari.

3.7 Wa ya Samu, Wa ya Rasa

Idan aka jera zangunan huɗu za a ga cewa hatsi da kayan lambu da kifi da ruwan famfo sun ƙaru, alhali naman daji da zuma da kalwa da man kaɗe da ciyawar jinka da makiyaya sun ragu. Ayyukan da ba a gani, wato hutun ƙasa da takin shanu da tare iska da zaizaya, su ne suka fi raguwa, kuma yanzu da kuɗi ake sayen madadinsu: buhun taki a maimakon saura, ɗanɗanon kanti a maimakon daddawa, kwano a maimakon jinka, dusa a maimakon ciyawa.

Mai kuɗi da mai fili a bakin ruwa sun ci ribar wannan canji. Waɗanda suka fi asara rukuni uku ne. Na farko mata, domin kalwa da kaɗanya da kuka su ne jarinsu, da su suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu. Na biyu ƙananan makiyaya, waɗanda hakkinsu na burtali da mashaya bai taɓa shiga takarda yadda ya kamata ba. Na uku magidanta marasa ƙarfi, waɗanda daji ne madogararsu tsakanin ƙarewar rumbu da fitowar sabon gero.

Tarihin maƙwabta ya nuna cewa wannan hanya tana iya juyawa. A jihar Maraɗi ta Nijar, inda ruwan sama bai kai na Dutsin-Ma ba, manoma sun fara abin da suke kira sassabin zamani bayan farin 1984, tare da ƙarfafawar wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo. Dabarar ita ce a bar tsiron da ke fitowa daga tsohon kututture, a zaɓi mai ƙarfi a rage sauran. An ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda amfanin daji da gona da ruwa ya sauya a yankin Ɗantutture cikin shekara 170. An ga cewa yaƙi ne ya tsare daji a ƙarni na 19, zaman lafiya da haraji suka buɗe shi, fari da takin zamani da madatsa suka sake fasalin gona da fadama, sannan cunkoso da rashin tsaro suka rufe abin da ya rage. A kowane zango, abin da ya yanke hukuncin wanda zai amfana shi ne ikon shiga da ɗiba, ba yawan ruwan sama kaɗai ba. Saboda haka duk wani shiri na farfaɗo da ƙasar, ko na dashen itatuwa ne ko na faɗaɗa noman rani a Zobe, ya kamata ya fara da tantance burtali da mashaya, da tabbatar wa manomi mallakar itacen gonarsa, da kuma lissafa abin da mata ke samu daga itatuwa kafin a sare su. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan sauye-sauye suka shafi sana'o'in mata, musamman daddawa da man kaɗe.